Sakata a Waje

Shekara uku Dogo ya yi a gidan yari, ya fito ba murna ba baƙin ciki. A ba shi abinci ya ci, a ce zauna ya zauna. Mutanen unguwa, da bakinsu ba ya hutu, suka ce ai ya shiryu. Uwarsa kaɗai ta san ba shiriya ba ce, ɗanta ne bai gama dawowa ba.

Wuri huɗu ta kai shi neman aiki, da sun ji inda ya fito sai su ce babu gurbi. Ƙanenta kafinta kaɗai ya rage.

"Yaya, sati ɗaya zan gwada shi," in ji Kawu. "In ya ɓata mini aikin mutane, sai dai ki yi haƙuri."

Rana ta shida suka je sa ƙofofi a gidan wata malamar asibiti. Kawu ya bar masa ƙofar ɗakin kwana, ya tafi sayo ƙusa. Dogo ya auna, ya ɗaura, ƙofa ta zauna daram. Ya sa sakata, ya tsuguna yana jira.

Kawu na dawowa matar gidan ta leƙo.

"Malam kafinta, wa za a riƙa kullewa a ciki, ni ko maigidan?"

Sakatar a waje take. Dogo ya daɗe yana kallonta kafin ya gane laifinta, don shi a nan ya san sakata take zama. Ya san aiki ya tafi. Ya laluba ransa ko zai ji ciwo, bai ji komai ba.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya kwance sakatar ya miƙa masa.

"Shiga ka ɗaura ta daga ciki. In ka gama ka kulle, mu ga ko ta kama."

Ya shiga, ya ɗaura, ya kulle. Sai ya tsaya bayan ƙofar, hannu a baya, yadda ya saba. Can sai Kawu ya ƙwanƙwasa.

"Dogo, ka gama?"

"Na gama, Kawu."

"To me kake jira?"

"A buɗe."

Kawu ya dafa ƙofar daga waje.

"Ɗan nan, ta nan babu abin buɗewa, a wajenka take. Fito, gobe muna da ƙofa uku."

Dogo ya kama sakatar. Tun da ya fito daga gidan yari, sanyin ƙarfen nan ne abu na farko da ya ji a jikinsa.