Daɓen Ɗakin Rifkatu

"Sauke ni, na ce! Ni buhun gero ce?"

Tahira ta jiyo muryar maƙwabciyarta Rifkatu, ta yar da taɓarya ta zaga ta kafar darni. Ta tarar Ishaku, ɗan Rifkatu da ke koyarwa a Bici, ya sungumi uwarsa zai kai ta mota. Ciwo ya gama cinye tsohuwar, amma ta cafki ƙyauren ɗaki ta riƙe gam.

"Inna Tahira, ki sa baki," in ji Ishaku. "Asibiti zan mayar da ita."

"Likitan da bakinsa ya ce a kawo ni gida," Rifkatu ta faɗa tana haki. "Me ya rage a can in ba warin magani ba? Saura mako biyu Kirsimeti, ɗakina ko rabi ba a daɓe ba."

Shekara arba'in darni ɗaya ne tsakaninsu, Tahira da sallarta, Rifkatu da cocinta, don haka Tahira ta san wannan taurin kai kamar yunwar cikinta. Duk shekara, da makonni huɗun jiran Kirsimeti sun kama, Rifkatu kan fasa ƙasan ɗakinta, ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ta sake daɓe da hannunta. Takan ce kowane bugu da addu'arsa, in ta gama sai ta ji zuciyarta ta kwanta lumui.

"Mama, ga siminti na kawo," Ishaku ya ce. "Gobe magini zai shafe shi cikin awa ɗaya."

"Kai da simintinka! An ce maka ƙasar ce ke da bukata? Ni ce."

Gaskiya Tahira ta so a tafi da Rifkatu asibitin, ko a samu 'yan kwanaki, don tsoron rasa ta ya hana ta cin abinci. Amma ta dubi yatsun nan a jikin ƙyaure.

"Ishaku, a hannuna aka haife ka. Ajiye ta."

Ya ajiye ta.

Daga ranar, kullum da hantsi Tahira kan durƙusa da madaɓi tana bugu, Rifkatu na kan gado tana aikin da ta fi iyawa, wato tsegumi.

"Can kusurwar da rami. Ke dai tun kina amarya aikinki na gaggawa ne."

"Mara lafiya sai baki!"

Wani lokaci Rifkatu ta karɓi madaɓin, ta sunkuyo daga gado ta buga sau uku, leɓunanta na motsi. Tahira ta je ta yi azahar ta dawo, ta same ta tana barci, fuska a sake.

Rannan Tahira ta kasa daurewa. "Ba kya jin tsoro?"

"Da ina ji. Yanzu jira kawai nake yi, kuma a ɗakina."

Aiki ya ƙare, saura ƙarƙashin gado. Tahira ta ce a ɗaga ta a ƙarasa. Rifkatu ta ce a bari, ai gadon ba zai daɗe a nan ba.

Saura kwana uku Kirsimeti, Rifkatu ta cika, da hantsi, hannunta cikin na Tahira. Fasto da mutanen coci suka kai ta makwancinta. Tahira ta sha kuka har muryarta ta dushe.

Ran jajibere ta shigo da madaɓi da ƙwaryar makuba. An fitar da gadon, wurinsa ya yi fari fat a tsakiyar jan daɓe. Ishaku na durƙushe a gefe, ya naɗe hannun riga.

"Ba ni, Inna."

"Daɓe aikin mata ne. Dariya za a yi maka."

"Su yi."

Ta miƙa masa, ta yayyafa makuba. Ya fara bugu, a karkace, a hankali. A bakin ƙofa wata kaza ta hau buhun simintin da ba a farke ba, ta yi kwanciyarta.