Tuban Mai Ganga

An cire mai ɗinki daga ƙungiyar mawaƙan coci ranar Lahadin da aka kunna kyandir na farin ciki, ana shirin Kirsimeti.

Fasto ya ce kowa ya wanke zuciyarsa kafin zuwan Almasihu. Sai mai ganga ya miƙe yana kuka, ya ce bara ya ci amanar matarsa. Bai tsaya nan ba, ya juya ya nuna mai ɗinki da sandar kiɗa, tana zaune cikin mawaƙa sanye da irin rigar da ta ɗinka wa kowa.

Aka rungume shi, matarsa tana ta godiya ga Ubangiji.

Bayan sujada shugabar mata ta tare mai ɗinkin a ƙofa. "'Yata, tuɓe rigar nan. Shi ya tuba, ke kuwa tona ki aka yi."

"Mama, ba wanda ya tambaye ni ko gaskiya ne."

"Mai kuka haka zai yi ƙarya?"

Ta ninke rigar ta miƙa. Saurayin da zai aure ta bayan Kirsimeti ya fita tun kafin addu'ar rufewa, har yanzu bai ɗaga wayarta ba.