Kwanon Mama Ines

Ranar da Zaituna za ta tafi, Umma ba ta fito falo ba. Tun da hantsi take kicin tana dirzar tukunyar da Mahbuba, ƙanwar Zaituna, ta riga ta wanke da hannunta jiya. Abba ne ya ɗaga jakar goyon, ya jinjina ta a hannu, ya ce, "Kayan wata guda ke nan? To ai ta fi yadda nake zato nauyi." Zaituna ta je ƙofar kicin ta durƙusa.

"Umma, zan tafi."

"Na ji," in ji Umma, ba ta ko waiwayo ba.

Shi ke nan. Ba Allah ya tsare hanya, ba a sauka lafiya. Umman da ko bakala, kantin unguwa, aka aiki mutum sayo madara sai ta bi shi da addu'a har bakin bene.

Zaituna nas ce a wani asibiti a arewacin Riyad, babban birnin Saudiyya, shekarunta ashirin da tara. Duk hutun shekara Kano ake zuwa, a yi zagayen dangi a dawo a gajiye. Bana ta ce ita Kito za ta, babban birnin Ekwado, can Kudancin Amurka, kuma ita kaɗai. Abba ya yi kwana uku yana juya maganar tsakanin gida da wurin aikinsa a Birnin Masana'antu na Biyu, ya duba bizarta da takardar fita da dawowa, sannan ya ce ta je, Allah ya kiyaye. Umma ta ce ba da yawunta ba. Mace ita ɗaya, da buhu a baya, a garin da ko sunansa ba ta taɓa ji a bakin alhazai ba?

A mota, a hanyar filin jirgi, Zaituna ta matse hannun ƙanwarta. Idonta ya yi ja.

"Mahbuba, in ta ce Allah ya tsare ni, ko a bayan idona ne, ki gaya min. Wallahi in ban ji ba, ko me na gani a can ba zai yi min daɗi ba."

Mahbuba ta ɗaga kai. Shekararta sha shida, kuma ita ba gwanar magana ba ce. Ko malama ta kira sunanta a aji sai tafin hannunta ya jiƙe. Abin da ta iya shi ne ta naɗe ƙafa a kujera da littafi, sai kuma aiken da ba ya ƙarewa a gidansu na unguwar Ulaisha, wato kai kwano. Maƙwabciyarsu ta sama, Zouera, 'yar Damagaram ce, mijinta yana karatu a jami'a. Duk abin da ta dafa sai ta sauko da ɗanɗano. Umma kuwa ba ta taɓa mayar da kwanon mutum fayau ba. In babu girki, a sa ƙwai uku, ko lemon tsami, ko kantun sukari. Mahbuba ke hawa da shi, ɗan yatsanta a cikin littafin don kada shafi ya ɓace.

Saƙon murya na farko ya iso bayan kwana biyu, da la'asar. Awa takwas ce tsakaninsu, can gari bai daɗe da wayewa ba. Mahbuba ta tsaya a ƙofar kicin, sannan ta shiga ta zauna a teburi.

"Abin kunnena ya lalace," ta ce, ba tare da kowa ya tambaye ta ba. Ta ƙure ƙarar wayar.

"Mahbuba!" Muryar Zaituna ta fito tana haki. "Ke, garin nan a sama aka dasa shi. Bene hawa ɗaya na hau, na zauna a matakala kamar kakarmu. Iskar ba ta isar mutum. Kin ga duwatsu? Kore shar, sun kewaye garin, gajimare yana saukowa har kan rufin gidaje. Titunan tsohon gari ƙanana ne, na dutse, wannan ya hau wancan ya gangara, gidajen kuma kowa da fentinsa. Mutane da ƙafa suke tafiya, Mahbuba, da rana tsaka, ba mai gudun rana! Na ga mata da malafa sun goya 'ya'ya da zane, sak irin goyon gida. Karnuka a saman rufi suna leƙen mutane. Kuma kin san wautar da na yi? Na duba taswira na ga garin a kan layin da ya raba duniya biyu yake, na ce ai zafi ne irin namu. Abayoyi marasa nauyi na kwaso. Sanyi ake, wallah! Da yamma ruwa ya sauko, na tsaya a ƙarƙashin wata rumfa ina karkarwa ina dariya ni kaɗai."

Umma tana wanke shinkafa. Mahbuba ta lura ƙarar famfon ta ragu.

"Da asuba na farka ina jiran kiran salla, shiru. Can sai ƙararrawar coci. Na duba alƙibla a waya, kin san ina ta nuna? Gabas, kamar a Kano. Mu da muka saba kallon yamma. Ki gaida Abba. Ki gaida... ki gaida kowa."

Umma ta tsane shinkafar, ta ce, "Tashi ki kai wa Zouera kwanonta."

Washegari ba saƙo. Mahbuba ta dawo daga makaranta ta tura gaisuwa, ba a buɗe ba. Ta sake turawa. Da ta rasa abin yi sai ta shiga karanta abin da tsayin wuri yake yi wa jikin mutum, ta karanta har inda bai kamata ta kai ba, ta kife wayar. Abba ya ce ƙila yawo ya ɗauke mata hankali, amma shayinsa ya huce a gabansa. Umma ba ta tambaya ba. Sai dai a ranar ta zuba gishiri sau biyu a miya.

Rana ta uku, bayan sallar la'asar, Mahbuba tana teburin kicin da littafin da ta kasa wuce shafi ɗaya a cikinsa, Umma tana yanka albasa. Wayar ta yi ƙara, kiran bidiyo. Mahbuba ta jingina ta da kwalbar mai.

Zaituna ce, a zaune a bakin gado. Fuskarta ta faɗa, ta lulluɓa da wani bargon ulu ja mai rami a tsakiya, kanta ya fito ta ramin.

"Yaya! Ina kika shiga? Mene ne wannan a jikinki?"

"Na Mama Ines ne. Tsaya ki ji, kada ki yi kuka, na warke." Ta ja numfashi. "Bayan na turo miki saƙon nan kaina ya sara. Amai, jiri, ko banɗaki da bango nake zuwa. Ni da nake duba marasa lafiya, ga ni kwance a ɗaki mai gado shida, 'yan ɗakin duk sun fita yawo. Sai tsohuwar da ke da masaukin ta leƙo. Mama Ines ke nan. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba, kitsonta biyu har baya, duk furfura. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu. Ta taɓa goshina ta fita, ta dawo da miya a kwano."

Wuƙar Umma ta ci gaba da sauka a kan katako, amma a hankali.

"Na rubuta a waya cewa ba na cin alade, wayar ta fassara mata. Ta karanta, ta fita. Na ce shi ke nan, na ɓata mata rai. Sai ga ta da faranti: dankali ɗanye, albasa, madara, cuku. Ta jera min a kan gado, tana nuna su ɗaya-ɗaya tana nuna miyar. Wai in gani da idona abin da ke ciki. Mahbuba, na sha ina hawaye. Da na tashi yin salla a zaune, ta janye kujera daga gabana, ta je ta tsaya a bakin ƙofa don kada wani ya shigo. Sau biyar tana kawo min miyar nan. Yau da na ji ƙarfi na wanke kwanon tas, na sauka na kai mata, na yi ta godiya har..."

Wuƙar ta tsaya.

"Me kika sa a ciki?"

Mahbuba ta juya. Umma ce. Ta ajiye albasar, ta zo ta tsaya a bayan kujera, tana goge hannu da gefen zane.

Zaituna ta gyara bargon. "Umma... ina wuni?"

"Ba gaisuwa na tambaye ki ba. Kwanon matar. Me kika sa?"

"Ba komai, Umma. Na dai wanke shi."

"Fayau? Mata ta yi jinyarki kwana biyu, ta tsare miki ƙofa kina salla, ki miƙa mata kwano fayau? A gidan wa kika tashi, Zaituna?"

"Umma, ba ni da komai! Biskit ɗin jirgi ne kawai, shi ma ya farfashe. Kuma su nan ba na jin suna yin haka."

"Su ba sa yi. Ke fa?" Umma ta ja kujera ta zauna, ta ture Mahbuba gefe da kafaɗa. "Ɗauko buhun nan naki. Kifa shi. A can ƙasa akwai ɗan zif, inda suka cusa wata ledar ruwan sama."

Hoton ya karkace, aka ga rufin ɗaki, aka ji ƙarar zif. Da fuskar Zaituna ta dawo, tana riƙe da ƙunshi a leda biyu an ɗaure da zare, da safa mai kauri irin ta Abba.

"Dabino ne," in ji Umma. "Sukkari, mai zaƙin nan, na wajen mutumin nan na kasuwar Batha. Safar kuma da kin duba da ba ki kwana da sanyi ba."

"Shi ya sa a filin jirgi na ga kilo ɗaya ya ƙaru! Umma, yaushe kika..."

"Kina wanka. Tashi ki je ki karɓo kwanon."

"In karɓo? In ce mata me?"

"Ki ce kin yi mantuwa. Yalla, maza, ina kallo."

Haka suka sauka tare, su uku, Zaituna tana tsayawa a kowace matakala ta huta. Mahbuba ta ga tsakar gida mai tukwanen furanni, da wani dutse kore can sama da rufi, rana ta fara taɓa kansa. A kicin wata 'yar tsohuwa tana soya wani abu. Zaituna ta nuna kwanon a kan kanta, ta haɗa hannu tana roƙo. Tsohuwar ta dube ta da damuwa, ta kama ludayi za ta ƙara mata miya.

"A'a, a'a, Mama!" Zaituna ta karɓi kwanon, ta jingina wayar da wata tukunya, ta hau kwance zaren.

"Ke! A gabanta za ki zuba?" Umma ta dafe ƙirji. "Juya baya mana! Kuma ki cika shi, kada ki tsaya ƙirge."

Mahbuba ta tuntsire da dariya, hawaye yana zuba. Zaituna ta juya baya ta cika kwanon, ta juyo ta miƙa da hannu biyu, ta ɗan rusuna. Mama Ines ta dubi dabinon, ta ɗauki ɗaya ta gutsura. Ta lumshe ido. Ta faɗi wata doguwar magana, sannan Zaituna ta nuna mata wayar ta ce, "Mama."

Tsohuwar ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Umma ta gyara ɗankwali, ta miƙe zaune kamar baƙuwa ta shigo.

"Baiwar Allah, sannu. Sannu da ɗawainiya. Kin riƙe min 'ya a inda hannuna bai kai ba. Yadda kika rufa mata asiri, Allah ya rufa miki. Allah ya ba ki masu yi miki."

Ba wanda ya fassara. Mama Ines ta ɗora hannu a ƙirji, ta nuna Zaituna, ta yi alamar cin abinci, ta girgiza kai.

"Ai haka take tun tana ƙarama," in ji Umma. "Sai an tsaya a kanta."

Da Zaituna ta ɗauki wayar ta fito tsakar gidan, sai ta tsaya tana kallon uwarta. Umma ta ɗauki wani ɓawon albasa daga kan teburi tana murzawa.

"Ki sa safar. Ki sayi rigar sanyi yau, ba gobe ba. Kada ki hau dutsen nan sai kin ƙara kwana biyu." Ta ajiye ɓawon. "Allah ya tsare min ke, gabanki da bayanki. Ya nuna miki alherin garin, ya dawo min da ke lafiya."

"Amin, Umma," in ji Zaituna. "Amin."

"To, ya isa. Albasa ce ta shiga min ido."

Washegari da la'asar saƙo ya shigo. Mahbuba ba ta ce abin kunnenta ya lalace ba, Umma ce da kanta ta ce a ƙara murya. Saƙon murya ne da hoton kwanon, cike da gasasshiyar masara, an rufe da ƙyalle.

"Umma, kwanon ya dawo. A bakin ƙofa na same shi. In muka ci gaba a haka dabinon ba zai kai mako ba. Yaya zan yi?"

Umma ta karɓi wayar, ta danna wurin naɗar murya da ɗan yatsa mai ƙullun fulawa.

"Jiya na farko ne, shi ya sa na ce ki cika. Daga yau bakwai-bakwai za ki riƙa sawa."