Aljihun da Ya Koma Dama

"To ka ce musu su zo su share mana," in ji matar Malam Guduma, tana zura tsintsiya ƙarƙashin teburin cin abinci. "Tunda 'ya'yanka ne. Su fito daga cikin wayar su kwashe garin katakon nan."

Malam bai ɗago ba. Jera kayansa yake yi a kan teburin, zarto nan, guduma nan, sukudireba manya da ƙanana kamar masu jiran a ɗauke su hoto. Ya ce mata a hankali yau ba ranar faɗa ba ce. Ta ce ai ba shi ke raba wa ranaku aiki ba.

Guduma ba sunan yanka ba ne, ɗalibai suka laƙaba masa, har ya bi shi gida. Aikin hannu yake koyarwa a ƙaramar sakandare. Tun da rufin ɗakin koyon sana'a ya fara yoyo aka rufe shi, sai darasin ya koma intanet: Malam ya jingina waya da gwangwanin madara, ya ɗauki kansa yana aiki, ya tura wa yara, ranar ƙarshen mako kuma su haɗu kai tsaye. Falon matarsa ya zama shago. Ita tela ce, kuma sau nawa tana tsintar ƙusa a cikin kwandon zarenta.

Amma duk wannan ba shi ne ciwon ba. Ciwon, kowa a benen ya sani, ƙofar falon ce. Matar kafinta guda, ƙofarta ta yi shekaru a lanƙwashe, tana jan ƙasa. In za ka rufe sai ka ɗaga ta da gwiwa, ka tura da ƙugu. Duk faɗan da suka taɓa yi, baiwar Allah ba ta taɓa samun ta fita ta buga ƙofa ba. Za ta taso a fusace, ta zo bakin ƙofa, ta tsaya tana kokawa da katako, kafin ta gama fushin ya huce, mutuncinsa ma ya zube. Wannan ai cuta ce.

Abin da ya hana Malam sakewa kuwa, makon jiya ne ya koyar da ɗaure noti. Shi ba ya cewa dama ko hagu. Ra'ayinsa tun fil azal shi ne yaro ya kalli hannun malami ya kwaikwaya, surutu ba ya koya wa yatsa komai. Sai ya ce su juya kamar yadda suka ga hannunsa na juyawa, kowa ya nemi abin da ya yi sako-sako a gidansu ya ɗaure.

Yara suka bi umarni. 'Yar mai kemis ta gyara wa uwarta mariƙin tukunya, mariƙin ya biyo hannun uwar, tukunya ta zauna a kan wuta. Ɗan direba ya gyara kujerar ubansa, uban ya dawo a gajiye ya zauna, sai ga shi yana kallon silin. Iyaye suka yi ca a kan shugabar makaranta. Ita kuma ta aiko tun shekaranjiya cewa yau za ta shigo darasin da kanta, in ba ta gamsu ba za a daina taɓa kayan aiki, yara su koma kwafar bayanin zarto a takarda.

Zarto a takarda. Malam ya kwana biyu yana maimaita wannan magana kamar mai ciwon haƙori. Ya kalli bidiyon har idonsa ya yi ja, bai ga laifin hannunsa ba.

Matarsa ma ta kalla, amma ba don shi ba. Maƙwabciyar ƙasa ce ta tare ta a matakala tana dariya, wai an gan ta a darasi, ta gifta ta bayan Malam da bokiti, ɗankwali a karkace. Shi ya sa da safen nan ta karɓi wayar ta zauna bakin keken ɗinki, tana neman inda aka ci mata mutunci. Ta samu wurin, ta ja tsaki. Sai kuma ta sake mai da bidiyon baya. Ta matso da wayar kusa da hancinta, ta kalli mijinta na ciki, ta kalli na waje. Rigar ɗaya ce, ita ta ɗinka ta.

Ta ajiye wayar, ta ɗauki tsintsiya, ta ci gaba da faɗanta da sabon ƙarfi. Mace mai abu a hannu ba ta gaggawa.

Sai da lokaci ya matso, Malam ya gyara gwangwanin madara, ya goge gumi, sannan ta tambaye shi, kamar mai tambayar farashin albasa, yaushe ya zama bahago.

Ya ce wace irin magana ce wannan.

"Ni dai a hagu na ɗinka maka aljihu," ta ce. "A wayarka ya koma dama. Agogonka ma ya yi ƙaura. Dubi kalandar bango, ko kai za ka iya karanta ta?"

Malam ya duba. Rubutun kalanda a juye, kamar a madubi. Kyamarar gaba da yake ɗaukar kansa da ita ashe juya hoto take yi. Duk abin da ya ɗaure, a idon yara kwancewa yake. Ya zauna a hankali a kan kujera, ya ce, "Ikon Allah." Can kuma ya ce, "Gimbiya." Rabon da ya kira ta haka tun kafin ƙofar ta lanƙwashe.

Gimbiya ta ce kada ya ɓata bakinsa. In yana so a ɗauka da kyamarar baya, dole wani ya riƙe masa waya, kuma mai riƙewar tana da sharaɗi: darasin yau a jikin ƙofarta za a yi shi.

Haka aka yi. Fuskokin yara suka fito ƙanana-ƙanana a allon wayar, wani yana tauna, wata ƙaninta na leƙowa ta kafaɗarta. A kusurwa ga shugaba, tabarau a karan hanci, baki a tsuke. Malam ya durƙusa gaban ƙofa, matarsa a tsaye a kansa da waya, tana yi masa nuni da haɓa ya matsa cikin haske.

Ya bayyana musu abin da ya faru, ya ba ɗan direba haƙuri ya kai wa babansa. Yara suka yi ta dariya. Sannan ya nuna musu notunan da ke riƙe ƙarfen ƙofa, yadda raminsu ya buɗe har ba sa kamawa. Ya cusa ɗan siririn katako a ramin, ya mai da noti, ya fara juyawa. Yau kam ya yi magana. Ya ce kada su yarda da ido kaɗai, ko da idon na kallon malami ne. Noti in yana shiga, nauyi yake ƙarawa a hannu, in yana fita sai ya yi ta sauƙi. Kowa ya ɗauko nasa ya ji.

Sai aka fara jin ƙananan ƙararraki daga gidaje daban-daban. 'Yar mai kemis ce ta fara cewa, "Malam, ya yi nauyi." Sai wani, sai wata. Wata ƙarama da ba ta cika magana ba ta ce ita dai kada a goge tsohon bidiyon zarto, don ita bahaguwa ce, kuma ranar ce ta fara ganin wani ya riƙe abu irin riƙonta. Malam ya ce ba za a goge ba.

Ya miƙe ya kaɗa ƙofar da yatsa ɗaya. Ta tafi sumul, ta dawo sumul, ko ƙasa ba ta shafa ba.

Shugaba ta cire tabarau. Ta ce a ci gaba da darasin yadda yake, amma a riƙa faɗin dama da hagu saboda kujerun iyaye. Sannan ta tambaya yadda aka yi ya gano matsalar.

To, a nan ne Malam ya taka sawun da bai kamata ba. Daɗi ya ɗebe shi. Ya gyara wuyan riga, ya shafa aljihun nan na hagu, ya ce ai dogon nazari ya yi, kin san mai sana'a da lura, sai kawai ya ga aljihu ba ya inda yake.

Wayar ta sauko a hankali daga fuskarsa zuwa cikinsa. Matarsa ta kama hannunsa, ta buɗe tafin, ta ɗora masa ita a ciki, yara na kallon silin.

"Sai mai lura ya riƙe abinsa," ta ce.

"Gimbiya, tsaya mana, ai yanzu zan..."

Ba ta tsaya ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta taka zuwa bakin ƙofa ba sauri. Gwiwarta ta ɗan ɗaga don sabo, sai ta tuna, ta sauke. Ta kama mariƙin da hannu ɗaya, ta fita, ta tattara fushin shekara da shekaru ta maka ƙofar, har kalanda ta faɗo daga bango.

Ko noti ɗaya bai motsa ba.