Kunamar Bunu

A shekarun da fari ya yi ta zuwa a jere, jim kaɗan bayan an canza kuɗi zuwa naira, an yi wani mutum a Jigawar Ari, gabas da Haɗejiya, ana ce masa Bunu mai inji. Kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka taso, shinkafa da kifi suka zaunar da su a nan. Shi ma noman shinkafar ya gada, amma an fi saninsa da injin niƙan da ya kafa a bakin kasuwa. Tun da ya sayi injin nan bai taɓa kiran makanike ba. In ya yi gardama, sai Bunu ya shimfiɗa buhu, ya kwance shi ɗai-ɗai, ya yi ta kallo har ya gano inda ciwon yake.

Fadamar garin tana shan ruwa ne ta wata ƙorama da ke ballewa daga kogi. Da kogin ya daina cika kamar da, sai yashi ya toshe ƙoramar tun daga bakinta. Ruwa ya zo ya wuce, fadama tana nan a tsage. An yi gayya da fartanya da kwando, amma tafiyar da nisa, kuma yawancin majiya ƙarfi sun tafi Kano aikin gini. Abin da tsofaffi suka haƙa da safe, kafin la'asar ya rufta.

Wata rana Bunu yana dawowa daga Malam Madori a kan kekensa, ya ratse wani ramin da aka ɗebi burji don ya rage hanya. Nan ya gan ta. Wata tsohuwar motar haƙa ce, gabanta da faffaɗan cebur, bayanta da dogon hannu mai gwiwa, a ƙarshensa bokiti mai haƙora. Tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashin kujerar direba. Ya jingine keke, ya zagaya ta, ya sake zagayawa. Ya sa tafin hannu ya auna faɗin bokitin.

Mai motar wani ɗan kwangila ne a Haɗejiya, Alhaji Shu'ibu, wanda ya riga ya yi odar sababbi. Da Bunu ya same shi da maganar, sai ya yi dariya.

"Malam Bunu, gawa kake nema? Makanikaina sun ce ta gama yawo."

"Alhaji, a dai ba ni gawar. Ina da bijimai biyu na huɗa."

Alhaji ya dube shi da kyau, ya ga ba wasa yake ba, ya ce ya karɓa.

Bayan an liƙe tayoyin an ba su iska, gingimarin ɗaukar gyaɗa ce ta jawo ta har ƙofar gidansa, hannun nan na baya a ɗaure da sarƙa. Yaran gari na ganin yadda ya lanƙwashe sama suka sa mata suna Kunama, sunan kuma ya bi ta. Matarsa Fanna ta leƙo daga zaure, ta ƙare wa motar kallo.

"Malam, bijiman namu ke nan?"

"Su ke nan, Fanna."

"To da me za a yi huɗa?"

"Ina ruwan da za a yi huɗar dominsa?"

Ta koma ciki. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma kwana da kwanaki in ta kawo masa abinci sai ta ajiye nesa da motar, kamar mai tsoron kada ta harbe ta.

Injin bai ba shi tsoro ba, don ɗan'uwan na niƙa ne, girma kawai ya fi shi. Ya kafa rumfar zana, ya shimfiɗa tabarmi, ya fara kwancewa. Ya tarar da sheƙar ɓera a inda iska ke shiga, zanzaro ya yi gini a bakin bututu, ruwan sama ya shiga ta salansa ya sa fistin ɗaya ya kama da tsatsa. Ya zuba masa kananzir ya bar shi ya sha, kullum ya ɗora guntun itace ya ɗan buga a hankali, har ran da ya ji ya motsa. Kowane noti ya cire, sai ya jera shi a inda ya dace a kan tabarma, kuma kaza ma ba ta isa ta ratsa wurin ba.

Hannun bayan ne ya gagare shi. Ya nemi kaca bai gani ba, ya nemi igiyar ƙarfe babu. Tiyo ne kawai cike da wani jan mai, suna shiga wasu dogayen bututu masu sanda mai sheƙi a ciki. Yadda mai zai ɗaga ƙarfe mai nauyin raƙumi, wannan ya fi ƙarfin tunaninsa.

Sai aka ba shi labarin wani dattijo a Haɗejiya, Baba Yohanna, mutumin ƙasar Filato, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa irin waɗannan motoci a wajen haƙar kuza. Yanzu yana zaune wurin 'yarsa da ke koyarwa a firamare, yana kuma fama da yanar ido. Bunu ya same shi a inuwar darbejiya, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Dattijon ya gyara zama kamar an ambaci sunan wani tsohon abokinsa.

"Kana da famfon keke? Miƙo shi nan. A kawo mana ruwa a kwano."

Ya zuƙi ruwa da famfon, ya ce wa Bunu ya toshe bakin da yatsa, sannan ya danna. Ruwan ya ture yatsan ya fesa masa a riga.

"Ka ji ƙarfinsa? Iska tana matsuwa, ruwa da mai ba sa matsuwa. In ka tura su, dole su tura abin da ke gabansu. Duk sirrin ke nan, ɗana. Sauran aikin, ka hana man samun wurin gudu."

Daga ranar, duk mako Bunu kan goyo shi a keke zuwa Jigawar Ari. Baba Yohanna ba ya taɓa sifana. Zama yake a kan turmi, a miƙo masa ƙarfe ya shafa, ya ce wannan ya ci, wannan da sauransa. Aikin kuwa hannun Bunu ne ke yi. In azahar ta yi Bunu ya tafi masallaci, dattijon ya zauna gadin tabarmi yana korar awaki, Fanna ta aiko masa da fura. A wurinsa ta fara jin cewa mijinta ba hauka yake ba.

"'Yata, na yi aiki da makanikai da yawa," in ji shi. "Wanda ke wanke noti kafin ya mayar, ba su da yawa."

Bunu ya hau jirgin Nguru daga Malam Madori ya je Kano. Ya samo zoben fistin da tiyo na hannu, amma robobin da ke hana mai zurarewa a cikin bututun, ya zaga kasuwa bai samu girmansu ba. Ya dawo jiki a sanyaye. Baba Yohanna ya ce ai kafin roba ta yawaita, fata ake sawa. Bunu ya sayo ƙirgi mai kauri wurin dukawa, ya sassaƙa itace daidai bakin bututun, ya jiƙa fatar a narkakken kitse da kakin zuma, ya danne ta a ciki har ta ɗauki siffa. Wani ƙarfen gwiwa da ya lalace kuma, ya kai wa maƙeri guntun ƙarfen tsohuwar gingimari, suka yi ta wuta da guduma har ya shiga ramin cif.

Ran da za a tashe ta, batir babu, sai aka sake roƙon mai gingimari ya ja ta. Aka ja, ta yi tari ta yi shiru. Aka sake ja, ta yi tari. A ja na gaba sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ƙara ta cika gari, jakuna suka tsinke igiya. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gidaje. Bunu ya juya kujera, ya kama sandunan sarrafa hannun, ya ja ɗaya. Hannun ya yi rawa, ya ɗaga kamar kamu biyu, sai fatar ta fashe, mai ya wanke shi daga hula har ƙafa. Jama'a suka fashe da dariya, shi ma ya taya su.

"Ta ɗaga ko ba ta ɗaga ba?" Baba Yohanna ya tambaya daga kan turminsa.

"Ta ɗaga, Baba."

"To saura kauri. Ka sa fatar gadon baya."

Ya sake, ta fashe, ya kuma sakewa, har ya dace. Koyon sarrafa ta ma bai zo da sauƙi ba. A ranar farko ya so ya juya hannun hagu, ya tafi dama, ya kwashe dangar madafin Fanna da tukunyar miya. Ta fito da muciya a hannu, ta dubi ɓarnar, ta dubi mijinta a can sama ya yi tsuru-tsuru, sai dariya ta ƙwace mata.

Sai da damina ta kusa ya shiga ƙoramar. Ya bar tudun yashi a bakin kogi don ya tare ruwa, ya fara haƙa daga nan yana ja da baya zuwa fadama. Mutanen gari suka ɗauki nauyin man gas, masu ƙarfi suna bin bayansa suna gyara gefe. Abin da ke ba su haushi shi ne safiyarsa. Rana na ɗagawa, suna tsaye da fartanya, shi kuwa yana bin kowace gwiwa da giris, yana tace gas da ƙyallen atamfa, yana kakkaɓe matatar iska, yana duba ruwan lagireto. Ya rataya gwangwani a inda mai ke ɗiga, da yamma ya tace ya tara a galan. In aka ce ya hanzarta, sai ya ce, "Tsohuwa ce. In ban gaishe ta ba, ba za ta fita ba."

Ya ci fiye da rabin tafiya ke nan, ruwa ya sauko daga yamma tun kafin lokacin da aka zata. Da hantsi wani masunci ya taho a guje, yana ihu cewa tudun bakin kogi ya karye. Kafin Bunu ya naɗe hannun ya fita, ruwa ya iso. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta zama taɓo, tayoyin baya suka yi ta juyawa a banza, motar ta zauna har ciki.

"Malam Bunu, sauko! Ka bar ta, rai ya fi ƙarfe!"

Bai sauko ba. Ya dubi ruwan, ya dubi inda iska ke shiga injin, ya ga da sauran tazara. Ya ɗaga murya ya ce a kawo kututturan goruba da aka sare don yin gada. Ya kafa ceburin gaba a ƙasa ya danna, gaban motar ya ɗaga, maza suka shiga ruwa suka cusa kututture. Ya miƙa hannun baya ya kafa haƙoran bokiti a ƙasa, ya ɗaga gindin, ya tura. Ta matsa kamar taku ɗaya. Ya sake, ta ƙara matsawa. Sai tiyon gwiwa ya fashe, hannun ya saki.

Baba Yohanna yana bakin gaɓa, wani ya riƙe masa hannu.

"Me ya faru? Na ji muryarta ta sauya."

"Tiyo ne, Baba!"

"Kada ka kashe ta! In ta mutu a nan, babu mai jan ta. Rage mata wuta kawai."

Bunu ya rage wuta, ya ciji sifana a baki, ya dira cikin ruwa har ƙirji. Motar tana da ƙafafu biyu na ƙarfe da take dogarawa a kansu in tana haƙa. Ya lalubi tiyon ɗayarsu a cikin ruwan laka, ya kwance shi, ya toshe gurbin da noti, ya hau ya ɗaura shi a gwiwar. Hannunsa na santsi, sifana ta kuɓuce, ya nutsa ya lalubo ta. Aka miƙo masa galan ɗin man da yake tarawa, ya juye duka. Ruwa ya kai gindin injin lokacin da ya koma kujera. Ya ja sandar a hankali, hannun ya amsa. Tura, a cusa kututture, tura, a cusa kututture, har tayoyin suka kama ƙasa mai tauri, Kunama ta hau gaɓa tana zubar da laka. Sai a lokacin ya ga Fanna a cikin matan da suka taru, ta dafe kai da hannu biyu. Da ya sauko, ya zauna a ƙasa yana haki.

Ruwan ya bi iyakar inda aka haƙa, ya malala ya shayar da rabin fadama. Gonar Bunu tana can ƙarshe, ko ɗigo ba ta samu ba. Mutane suka yi ta jin nauyinsa, shi kuwa washegari yana ƙarƙashin mota, yana zubar da baƙin man da ruwa ya shiga, yana wanke kowace gwiwa da kananzir. Da kaka ta yi, ba wanda ya yi shela, sai dai Fanna ta riƙa ganin damman shinkafa a zaure, wannan ya ajiye ya tafi, wancan ya ajiye ya tafi. Bunu ya ware mafi kyau ya kai wa Baba Yohanna Haɗejiya.

Da rani ya ƙarasa ƙoramar, ya kuma ɗaure bakinta da duwatsu. Damina mai zuwa ruwa ya kai gonarsa, ya wuce ta. Labari ya bazu, har dattawa daga wajen Baturiya suka zo a kan jakuna, suka ce su ma tasu ƙoramar ta toshe. Ya saurare su, ya tambayi irin ƙasar wurin, yashi ce ko laka, da ko akwai goruba a kusa. Suka ce akwai.

"To ku je ku sare, ku tara a bakin aikin," in ji shi. "In kun gama ku aiko, ina nan tafe."