Wutar da Ba Ta da Launi

Ni na fara ganinta, ni Aristides, da ban taɓa zama a aji ba. Mu tara ne a gindin mangwaro rannan, har da surukina Valdomiro mai takardar kanikanci, amma idon tsohon nan ne ya kama ta.

Tun da dizal ya yi tsada muke dafa namu. Matan da ke soya ƙosai a bakin teku su ba mu manjan da ya gaji da suya, mu tace, mu haɗa shi da wani ruwa mai suna metanol a rumfar bayan gidana, jiragenmu na kamun kifi su sha.

Da tsakar rana Valdomiro ya kunna risho a rumfar, wai man ya ƙi ɗumi, ya fito shan inuwa. Ashe jarkar metanol tana yoyo. Sai ga matata Zulmira ta nufi rumfar ɗauko tukunyarta, farin siket ɗinta yana share ƙasa. Ni kuwa na ga iskar bakin ƙofa tana rawa, yanar gizon da ke sama ta naɗe ta ɓace.

"Zulmira, tsaya! Wuta!"

"Ina wutar, tsoho? Ko ka fara shan giyar taka tun yanzu?"

Valdomiro ya yi dariya. "Baba, ko hayaƙi babu."

Taku uku ya rage mata. Da gwiwoyin nan masu ciwo na riga ta isa, na fizge ta baya, na wawuri tsintsiyar kaba na miƙa ta cikin ƙofa. Fuu! Ta kama ja wur a gaban kowa. Dariya ta ɗauke.

Wani ya rugo da bokitin ruwa. Na ce, "Kai, wawa, akwai ganga cike da mai a ciki! So kake ta bi mu har gida? Yashi!" Muka yi ta sheƙa yashi, Valdomiro ya feso farin garin jar tukunyar kashe gobara. Na sa sabuwar tsintsiya na zaga kowane lungu, ko baƙi ba ta yi ba.

Zulmira ta duba gefen siket ɗinta da ya ɗan babbake, ta ce, "Shekara arba'in, yau na ga ka riƙe tsintsiya!" Sannan ta rungume ni tana kuka tana dariya. Aka gasa kifi, aka yi kiɗa, na taka rawa da ita har gwiwoyina suka yi yaji.

Washegari muka cire bangon rumfar biyu don iska, aka kori risho, yashi bokiti huɗu ya zauna a ƙofa.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo da rana tsaka. Zan kunna masa cokali ɗaya na metanol a faranti, ya sunkuyo da gemunsa ya gaya mini babu wuta.