Rigar Isiyaku a Hannun Mai Takaba

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa Mai kashewa, Wanda gādon sammai da ƙasa yake gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar da damina ta yi jinkiri, makiyaya suna ta kai da kawowa ba su san inda za su fuskanta ba, aka kira ni wata ruga da ke arewa da Issawane domin raba gādon wani makiyayi mai suna Isiyaku. Ya bar mata ɗaya, Hajiya Habsatu, da ɗiya ɗaya, Rukaiya, da ƙanensa Danda. Tun ban sauka daga amalanke ba Danda ya tare ni, ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

"Malam, kafin a taɓa zancen shanu, a fara da riga. Habsatu ta yanka rigar Yaya! Babbar rigarsa ta salla da rawaninsa, ta sa musu almakashi ba a raba gādo ba."

Na zauna a ƙofar bukka, mai takaba tana ciki bayan asabari. Na tambaye ta ko gaskiya ne.

"Gaskiya ne, Malam. Rukaiya, miƙa masa."

Aka shimfiɗa mini wani mayafi mai kauri: ƙyallayen rigar ne aka jera bisa juna, aka bi su da ƙananan ɗinki na hannu, layi bayan layi. A kansa an zana hanyoyi da jan zare, da rijiyoyi da baƙi, da itatuwa. Na duba ko akwai surar mai rai, ban gani ba. Sawun kofato kawai ta ɗinka a madadin shanu.

Ta ce a shekarar da ta sauke farali, zazzaɓi ya kwantar da ita a Mina kusa da wata tsohuwa ƴar ƙasar Indiya. Ba su jin harshen juna. Tsohuwar tana lulluɓe da irin wannan mayafi na tsofaffin zannuwa, ta riƙa kama yatsan Habsatu tana ɗora shi kan zaren: ga kogin garinsu, ga gidansu, ga ƴaƴanta, ga wanda ya rasu.

"Tun da mai gidan nan ya tahi, Malam, ƙafata take ƙaiƙayi. Ni da ban taɓa yin wata biyu a mashekari ɗaya ba, an ce in zauna. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ba inda za ni. Shi ne na ce bari in bi hanyoyinsa da allura."

Zuciyata ta karkata gare ta, amma hukunci ba ya bin karkatar zuciya. Na gaya mata cewa tufafin mamaci dukiyar magada ce tun daga lokacin da rai ya fita, kuma ta taɓa abin da ba nata ita kaɗai ba. Mayafin ba zai zauna a hannunta ba sai magada sun yafe. Idan ɗaya ya ƙi, sai a fitar masa da rabonsa.

Rukaiya ta ce ta yafe tun kafin in rufe baki. Danda ya ce shi bai yafe ba, a yanka masa nasa ko tafin hannu ne.

"To a ba shi almakashi," in ji Habsatu. "Da ma tun yana yaro ba ya ganin abu hannun yayansa ya ƙyale."

"Ke kuma tun da aka kawo ki gidanmu ba ki taɓa tambaya kafin ki yi ba."

Ya durƙusa, ya ja mayafin gabansa yana neman inda zai yanka. Ya juya shi, ya sāke juyawa. Can sai ya ɗora bakin almakashin kan wata rijiya.

"Wannan mi ce?"

"Rijiyar gawo, inda bijimin nan ja ya faɗa."

"Gabas da burtali? Wa ya hwaɗa miki? Yamma take! Kuma ina ni? Sawun mutum ɗaya nake gani. Wa aka ɗaura wa igiya a ƙugu aka zura ciki? Yaya yana sama yana kuka kamar mace, ni ina ƙasa cikin laka."

"Bai taɓa gaya mini ya yi kuka ba."

"Yo zai gaya miki?"

Ya bi jan zaren da yatsa yana ta gyara mata: nan ba su kwana ba, nan kura ta bi su, nan suka yi faɗa suka raba garke, kwana kaɗan suka sāke haɗewa. Da ya kai inda zaren ya ƙare, allura tana soke a wurin, sai ya ajiye almakashin. Ya ɗora gefen rawaninsa a kan fuskarsa, muka kau da kai.

Da ya sami murya, na sāke tambayarsa ko ya yafe.

"Ban yafe ba, Malam. Rabona yana ciki, kuma a ciki zai zauna. Amma ta warware rijiyar nan ta maishe ta yamma. Kowace ranar kasuwa zan biyo in ga abin da ta ɓata."

"Ka zo da baƙin zare," in ji ta. "Nawa ya ƙare."

Na shaida wa waɗanda suka halarta cewa mayafin tarayya ne tsakanin magada uku, ajiyarsa a hannun Habsatu bisa yardarsu, sa'an nan muka tashi zuwa garke.

Allah Ya gafarta wa Isiyaku, Ya yalwata kabarinsa, Ya jiƙan tsohuwar Mina ko tana raye ko ta riga mu, da dukan mamatan Musulmi. Wanda ya karanta wannan, Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya kyautata ƙarshensa. Amin.